Jirgin ƙasa mai matuƙar gudu tsakanin ƙasashe maƙwabta: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da shugabannin ƙasashe biyu maƙwabta suka sa hannu a kan yarjejeniyar shimfiɗa layin dogo mai matuƙar gudu, sai ka ji ana ta lissafin awannin da za a rage wa matafiya. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, yawancin irin waɗannan ayyuka a kan iyaka suke cijewa, ba a wajen injiniyoyi ba. Ga tambayoyin da aka fi yi game da alfanun aikin da illolinsa.

Wane jirgi ne ake kira mai matuƙar gudu?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi: jirgin da ke gudun kilomita 250 ko fiye a awa ɗaya a kan sabon layin da aka gina masa, ko kilomita 200 a kan tsohon layin da aka inganta. Japan ce ta fara da Shinkansen a 1964 tsakanin Tokyo da Osaka. Faransa ta biyo baya da TGV a 1981 tsakanin Paris da Lyon. Yau ƙasar Sin kaɗai tana da layin da ya haura kilomita 45,000, fiye da na sauran ƙasashen duniya in an haɗa su.

Gudun ba daga injin kaɗai yake zuwa ba. Layin sai ya miƙe, kwanarsa mai faɗi sosai, a killace shi da shinge, kuma babu inda mota ko dabba za ta gitta. Direba ba ya iya karanta alamar gefen hanya a irin wannan gudu, don haka sigina a cikin ɗakin tuƙi take bayyana.

Akwai inda ake tsallaka iyaka da shi a yanzu?

Akwai, amma ba su da yawa, kuma galibi a Yammacin Turai suke. Jirgin Eurostar ya fara aiki a Nuwamban 1994 tsakanin Landan, Paris da Brasels, ta ramin da aka haƙa ƙarƙashin tekun da ya raba Ingila da Faransa, mai tsawon kilomita 50. Jiragen Thalys, waɗanda yanzu suka koma ƙarƙashin sunan Eurostar, sun haɗa Faransa, Beljiyam da Holan tun 1996, suka kai Jamus a 1997. Akwai layin da ya ratsa tsaunin Pyrenees tsakanin Faransa da Sifaniya. A Asiya kuwa akwai layin da ya haɗa Hong Kong da babban yankin Sin tun 2018, wanda ko da yake ƙasa ɗaya ce, ana duba takardu kamar an fita waje. Layin Sin da Laos da aka buɗe a Disambar 2021 ana yawan ambatonsa a wannan sahu, amma gudunsa kilomita 160 ne, bai kai ma'aunin ba.

Me matafiyi zai samu da jirgin sama bai ba shi ba?

Lokaci, muddin tazarar ta dace. Jirgin sama ya fi gudu a sararin samaniya, amma filin jirgi a bayan gari yake, sai ka je da wuri, ka bi layin bincike, ka jira kaya, sannan ka sake neman motar shiga gari. Jirgin ƙasa daga tsakiyar birni yake tashi, a tsakiyar wani birnin yake sauke ka. Tsakanin Paris da Brasels awa ɗaya da minti 22 ne, har kamfanin Air France ya daina jigila a wannan hanya tun 2001, ya koma saya wa fasinjojinsa kujeru a jirgin ƙasa. Landan zuwa Paris kimanin awa biyu da kwata ne, kuma mafi yawan masu tafiya tsakanin biranen biyu sun bar jirgin sama sun koma Eurostar.

Amma abin yana da iyaka. Masana harkar sun daɗe da lura cewa in tafiya ba ta wuce awa uku ba, jirgin ƙasa ne ke cin kasuwa. In ta haura awa huɗu zuwa biyar, mai gaggawa ya koma filin jirgi. Paris zuwa Barsalona ya haura awa shida, Paris zuwa Berlin kusan awa takwas. Masu hawan waɗannan ba gaggawa ce ta kawo su ba. A taƙaice, tazarar da ta fi dacewa tana tsakanin kilomita 200 da 800, kuma sai an sami manyan birane a duka ɓangarorin.

Akwai wani amfanin da ba a cika lura da shi ba: in aka kwashe jirage masu sauri aka mai da su sabon layi, tsohon layin yana samun sarari don jiragen kaya da na unguwanni.

In layin dogo layin dogo ne, me zai hana jirgi wucewa daga wannan ƙasa zuwa waccan?

Abubuwa da yawa, domin kowace ƙasa ta gina nata tsarin ne ba tare da tunanin maƙwabciya ba, wasu ma da gangan suka bambanta.

Na farko faɗin layi. Mafi yawan duniya na amfani da milimita 1,435 tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Tsoffin layukan Sifaniya da Fotugal milimita 1,668 ne, na Rasha da ƙasashen da suka fita daga Tarayyar Sobiyet 1,520. Shi ya sa da Sifaniya ta zo gina layinta na farko mai gudu, daga Madrid zuwa Seville a 1992, ta ɗauki faɗin da Faransa ke amfani da shi, kuma har yau tana da jiragen da ƙafafunsu ke buɗewa ko tsukewa don su bi layi iri biyu. Aikin Rail Baltica mai kilomita 870, wanda zai haɗa Istoniya, Latbiya da Lituweniya da Folan, asalinsa ke nan: fitar da ƙasashen uku daga faɗin layin Rasha zuwa na Turai.

Na biyu lantarki. Jirgin da zai riƙa tashi daga Paris ya bi ta Brasels, wani lokaci ya isa Amsterdam ta Holan, wani lokaci Kolon ta Jamus, dole ya iya shan wuta iri huɗu, domin ƙarfin wutar layin Faransa, Beljiyam, Holan da Jamus duk daban-daban ne. Na uku sigina: kafin Tarayyar Turai ta fito da tsarin bai-ɗaya na ERTMS, akwai tsare-tsaren sigina sama da ashirin a nahiyar, kuma har yanzu ba a gama sauyawa ba. A ƙara da cewa a Faransa da Beljiyam jirage hannun hagu suke bi, a Jamus da Holan hannun dama. Direba kuma sai ya sami lasisin kowace ƙasa, ya kuma iya yarenta gwargwadon yadda zai fahimci mai kula da sigina idan wani abu ya faru.

Duk waɗannan ana magance su, sai dai kowanne kuɗi ne da shekaru. Jirgin da aka ƙera don ƙasashe huɗu ya fi tsada, ya fi saurin samun matsala, kuma hukumomi huɗu ne za su amince da shi kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya.

Yaya ake yi da fasfo da kwastan?

Nan ne zuciyar maganar, a ganina. Ƙasa za ta iya kashe biliyoyi don rage minti arba'in a tafiya, jami'in shige da fice ya cinye su a layi ɗaya.

Hanyoyi huɗu ake bi. Mafi sauƙi ita ce a ce babu bincike kwata-kwata, kamar yadda yake tsakanin ƙasashen yankin Schengen tun 1995: ka shiga jirgi a Paris, ka sauka a Brasels, ba wanda ya tambaye ka komai. Ta biyu, a yi binciken ƙasashen biyu a tashar da aka tashi. A tashar St Pancras ta Landan 'yan sandan iyakar Faransa ne ke duba fasfon fasinja kafin ya hau, a Paris kuma jami'an Birtaniya ke zaune. Ta uku, a yi binciken a cikin jirgi yana tafiya, kamar yadda aka riƙa yi a da a jirgin Allegro tsakanin Helsinki ta Finlan da St Petersburg ta Rasha. Ta huɗu, wadda ta fi ɓata lokaci, a tsayar da jirgi a iyaka kowa ya sauko da kayansa. Da aka fara jigilar fasinja kai tsaye daga Kunming zuwa Vientiane a Afrilun 2023, tafiyar awa goma da rabi ce, ciki har da doguwar tsayuwa sau biyu, ɗaya a Mohan a ɓangaren Sin, ɗaya a Boten a ɓangaren Laos.

Hanya ta biyu tana da daɗi ga fasinja amma tana taɓa ikon ƙasa, domin ka yarda jami'in wata gwamnati ya yi aiki da dokarsa a cikin ƙasarka. A Hong Kong an yi ta cece-kuce a kan haka, saboda an ware wani sashe na tashar West Kowloon inda dokar babban yankin Sin ke aiki. Ko tsakanin ƙawaye ma abin yana jan lokaci. Eurostar ya fara zuwa Amsterdam kai tsaye daga Landan a Afrilun 2018, amma mai dawowa sai ya sauka a Brasels a duba fasfonsa ya canza jirgi, har zuwa Oktoban 2020 da gwamnatocin suka kammala yarjejeniya. Layi yana nan, jirgi yana nan, takarda ce kawai ta rage, ta ci shekara biyu da rabi.

Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, binciken kowane fasinja ya ƙara tsawo, har aka kai lokacin da kamfanin ke barin kujeru babu kowa a jiragen safe, domin tashar ba za ta iya tantance mutanen da za su cika su a kan lokaci ba.

Nawa ake kashewa?

Kotun binciken kuɗi ta Tarayyar Turai ta duba layuka da dama a rahotonta na 2018, ta gano cewa matsakaicin kuɗin kilomita ɗaya ya kai yuro miliyan 25. Layin da zai tsallaka iyaka yakan fi haka, saboda sau da yawa dutse ko teku ko babban kogi ne ya zama iyakar tun asali. Ramin da ake haƙawa a layin Lyon ta Faransa zuwa Turin ta Italiya kilomita 57.5 ne, na Brenner tsakanin Ostiriya da Italiya kilomita 55.

Kuma kusan kullum kuɗin yana zarce kiyasin farko. Ramin Ingila da Faransa ya haura abin da aka tsara da kimanin kashi 80 cikin 100. Rail Baltica an ƙiyasta shi a kan yuro biliyan 5.8 a 2017, zuwa 2024 ana maganar sama da biliyan 15 don kashin farko kaɗai.

Yana mayar da kuɗinsa?

Kuɗin gudanarwa, sau da yawa e. Kuɗin gini, da wuya. Layuka ƙalilan ne a duniya aka yarda sun biya kansu, irin su Tokyo zuwa Osaka da Paris zuwa Lyon, kuma dukansu na cikin gida ne.

Dalilin a fili yake. Mutane sun fi zirga-zirga tsakanin birane biyu na ƙasa ɗaya fiye da birane biyu masu girma ɗaya da iyaka ta raba, saboda aiki, makaranta, dangi da harkar gwamnati duk sun fi karkata cikin gida. Masu lissafin farko sukan manta da wannan, ko su kau da kai. An yi hasashen Eurostar zai ɗauki fasinja kusan miliyan 16 a shekarar farko. A 1995 kimanin miliyan 3 ya ɗauka, kuma ko a 2019, bayan shekara ashirin da biyar, miliyan 11 ne. Gwamnatin Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya ta lokacin, ta dage cewa ba za a sa kuɗin gwamnati a ramin Ingila da Faransa ba, sai kamfanin Eurotunnel ya ciwo bashin bankuna ya sayar da hannun jari. Bashin ya kusa kai shi ƙasa, sai da aka sake fasalinsa a 2007, ƙananan masu hannun jari da yawa suka tafka asara.

Wannan ba ya nufin aikin banza ne. Ramin yana nan yana aiki, kuma zai yi wa jikoki aiki. Abin da yake nufi shi ne, duk gwamnatin da ta ce wa jama'arta kuɗin tikiti ne zai biya ginin, a nemi ta nuna lissafin. Waccan kotun ta Turai ta yi amfani da ma'aunin fasinja miliyan 9 a shekara kafin a ce layi ya yi nasara, kuma da dama daga cikin waɗanda ta duba ba su kai ba.

Wa zai biya, tunda ƙasa biyu ce?

Babu ƙa'ida ɗaya. Mafi sauƙi kowa ya gina nasa ɓangaren. Amma moriyar ba ta cika zuwa daidai da tsawon layin ba. A ramin Lyon da Turin, kimanin kilomita 45 na cikin Faransa, 12 da ɗoriya na cikin Italiya, duk da haka Italiya ce ta ɗauki kaso mafi girma na abin da ya rage bayan gudummawar Tarayyar Turai, domin Faransa na da doguwar hanyar da za ta gina kafin a iso bakin ramin. A mashigin tekun Fehmarn da ke tsakanin Denmak da Jamus kuwa, Denmak ce ta ɗauki nauyin ramin mai kilomita 18 ita kaɗai bisa yarjejeniyar 2008, saboda ita ta fi buƙatarsa. Jamus ta yi alkawarin gyara nata layin ne kawai.

Abin lura, Turai tana da asusun tarayya da ke biyan kaso mai tsoka na ayyukan kan iyaka, har zuwa kashi 85 cikin 100 a Rail Baltica. Yankunan da ba su da irin wannan asusu sai dai rance.

Idan ɗaya ta gama nata, ɗayar ta yi jinkiri fa?

Sai a sami layi mai tsada da ba ya kai kowa ko'ina. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Perpignan zuwa Figueres, kilomita 44 tsakanin Faransa da Sifaniya. Kamfanin TP Ferro ya gama ginin a 2009, amma layin da zai haɗa shi da Barsalona bai kammala ba sai 2013. Jiragen da aka yi tsammani ba su zo ba, kuɗin shiga bai isa biyan bashi ba, kamfanin ya rushe a 2016, gwamnatocin biyu suka karɓi layin. Har yanzu kuma Faransa ba ta gina sashen Montpellier zuwa Perpignan ba, jirgi na rage gudu ya bi tsohon layi.

Haka aka yi da Ingila. Faransa ta shirya nata layin kafin a buɗe ramin a 1994, amma jirgin da ya fito daga Paris a guje sai ya shiga sahun jiragen unguwanni a kudancin Ingila. Sai a 2007 aka kammala layin zuwa Landan. Siwizalan ma ta buɗe ramin Gotthard a 2016, tana ta jiran Jamus ta gama faɗaɗa layin Karlsruhe zuwa Basel, wanda ke kawo jirage daga Jamus zuwa Siwizalan.

Ba mugunta ba ce. Ga kowace gwamnati, sashen da ke kusa da iyaka shi ne ƙarshen layi, inda masu jefa ƙuri'a suka fi ƙaranci, don haka shi ake bari a baya idan kuɗi ya yi kaɗan.

Idan gwamnati ta canza, ko ƙasashen suka ɓata?

Aikin yakan ɗauki shekara goma zuwa ashirin, gwamnati kuwa huɗu ko biyar take yi. Malesiya da Singafo sun sa hannu a Disambar 2016 kan layin kilomita 350 da zai mai da tafiyar Kuala Lumpur zuwa Singafo minti 90, a hanyar da ke cikin mafiya cunkoson jiragen sama a duniya. In akwai wurin da irin wannan aiki ya dace, nan ne. Mahathir Mohamad ya ci zaɓe a 2018, ya ce bashin ƙasa ya yi yawa, aka dakatar. Ranar 1 ga Janairun 2021 yarjejeniyar ta mutu, Malesiya ta biya diyyar sama da dalar Singafo miliyan 100 a kan layin da ba a shimfiɗa ba. Fotugal ma ta janye daga layin Lisbon zuwa Madrid a 2012 lokacin da tattalin arzikinta ya shiga matsi, alhali Sifaniya ta riga ta fara aiki a nata ɓangaren.

Rikici kuwa a rana ɗaya yake rufe layi. Allegro ya rage tafiyar Helsinki zuwa St Petersburg zuwa awa uku da rabi tun 2010. A Maris ɗin 2022, bayan Rasha ta mamaye Yukren, aka dakatar da shi. Jirgin sama in hanya ta rufe sai a karkatar da shi wata ƙasa, layin dogo kuwa ba ya tashi daga inda aka kafa shi.

Gaskiya ne ƙaramar ƙasa na iya faɗawa tarkon bashi?

Haɗarin gaske ne idan maƙwabtan ba su yi kusa da juna a ƙarfi ba. Layin Laos ya ci kusan dala biliyan 6, wato kimanin kashi ɗaya bisa uku na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Kamfanin da ya mallaki layin, kashi 70 na ɓangaren Sin ne, 30 na Laos, kuma ko nata kason ma Laos rance ta ci don ta biya wani ɓangare. Ƙasar da ba ta da teku ta sami hanyar fitar da amfanin gona da ma'adinai, 'yan yawon buɗe ido sun ƙaru, tafiyar da ke cin yini a mota ta koma 'yan awanni. Duk gaskiya ne. Haka kuma gaskiya ne cewa kuɗin shiga da kuɗin gida ake samunsa, bashi kuwa da kuɗin waje ake biya, kuma darajar kuɗin Laos ta faɗi ƙwarai a 2022.

Tambayoyin da ya kamata 'yan majalisa su yi kafin a sa hannu su ne: wa ya mallaki layin, wa ke sa farashi, me aka jinginar, a wace kotu za a yi shari'a in an saɓa, kuma bayan an gama gini 'yan ƙasa za su iya gyara shi da kansu ko sai an riƙa kiran mai shi.

Garuruwan da ke kan hanya suna amfana?

Wanda ya sami tasha a cikin gari, kuma jirage suna tsayawa, yana amfana. Lille ta arewacin Faransa ta kasance birnin masaƙu da masana'antun da suka durƙushe. Magajin garinta Pierre Mauroy, wanda ya taɓa zama firaminista, ya dage sai layin ya ratsa tsakiyar birnin, aka buɗe tashar a 1994, aka gina unguwar kasuwanci a kewayenta, Lille ta zama mahaɗar Landan, Paris da Brasels.

Sauran kuwa ƙarar jirgin kawai suke ji. Kowace tsayuwa tana cin mintuna, don haka kamfani yana son ya rage su. An gina tashoshin ƙasa da ƙasa a Ashford da Ebbsfleet a Ingila, amma tun 2020 Eurostar ya daina tsayawa a cikinsu. Akwai kuma abin da ke faruwa a ɓoye: in tafiya ta yi sauƙi, babban birni kan janye ofisoshi da ƙwararrun ƙaramin, maimakon ya tura masa nasa.

Ta fuskar muhalli fa?

Kowane fasinjan da ya bar jirgin sama ko mota ya hau jirgin lantarki ya rage hayaƙi sosai, musamman inda wutar ba daga kwal take fitowa ba. Amma siminti da ƙarfen gini da haƙar rami su ma hayaƙi ne mai yawa, kuma tun kafin jirgin farko ya tashi aka fitar da shi. Layin da ke cika da mutane yana biyan wannan cikin shekaru kaɗan. Wanda ba kowa a ciki zai daɗe bai biya ba.

Sannan layin shinge ne mai ɗaruruwan kilomita. Yana raba gona biyu, ya datse hanyar dabbobi, ya tilasta wa ƙauye zagaye mai nisa in ba a yi gada ko hanyar ƙarƙashi ba. Mutanen kwarin Susa a Italiya sun fi shekara talatin suna adawa da layin Lyon zuwa Turin. Diyya ma kan jawo ƙorafi idan dokar ƙasashen biyu ta bambanta, manomin wannan gefe ya ga an biya na wancan gefe fiye da shi.

Mai ƙaramin ƙarfi zai iya hawa?

Ya danganta da gasa. A Italiya, shigowar kamfanin Italo a 2012 ta sauko da farashi. A Sifaniya ma haka aka gani tsakanin Madrid da Barsalona bayan kamfanonin Ouigo da Iryo sun shigo. A layukan kan iyaka gasa ta fi wuya, saboda sabon kamfani sai ya sayi jiragen da ƙasashe biyu suka amince da su, ya sami wurin binciken fasfo a tasha. Shekara talatin Eurostar shi kaɗai ke ɗaukar fasinja tsakanin Landan da Paris ta cikin ramin, kuma sau da yawa tikitin jirgin sama mai rahusa ko na bas ya fi nasa araha. In da harajin kowa aka gina layin amma masu hali kaɗai ke hawa, jama'a na da hujjar yin ƙorafi.

Yana ɗaukar kaya?

Layin da aka gina don gudun kilomita 300 galibi na fasinja ne zalla. Jirgin kaya yana da nauyi, yana tafiya a hankali, ba ya son hawa mai tsauri, kuma yana tare wa mai sauri hanya. Ana iya gina layin da zai ɗauki duka biyu, kamar Rail Baltica, amma sai an rage gudu an ƙara kuɗi.

Ba shi da haɗari?

Yana cikin hanyoyin sufuri mafiya aminci. Shinkansen ya shekara sama da sittin ba fasinjan da ya mutu sanadin karo ko kaucewa daga layi. In kuwa haɗari ya auku yana da muni: mutum 101 a Eschede ta Jamus a 1998, mutum 40 a Wenzhou ta Sin a 2011. A kan iyaka ƙarin matsalar ita ce wa ke da alhakin ceto. An yi gobara a ramin Ingila da Faransa a 1996 da 2008, kuma a Disambar 2009 jirage biyar sun maƙale a ciki da fasinja sama da 2,000 saboda dusar ƙanƙara ta narke a cikin injinansu. Dole 'yan kwana-kwana da 'yan sandan ƙasashen biyu su riƙa atisaye tare, su san wa ke ba da umarni a wane wuri.

Dole ne sai mai gudun kilomita 300?

A'a, kuma wannan tambayar ya kamata a fara yi. Layin kilomita 160 zuwa 200 a awa, mai ɗaukar fasinja da kaya, wanda aka sauƙaƙa masa bincike a iyaka, yakan kawo mafi yawan amfanin a kan kaso kaɗan na kuɗin. Gadar Øresund da ta haɗa Kopenhagen da Malmö a 2000 jiragen yanki ne suka fi bin ta, amma ta sa dubban mutane suna kwana a Suwidin suna aiki a Denmak. Da Suwidin ta dawo da duba katin shaida a Janairun 2016 saboda kwararar 'yan gudun hijira, nan take tafiyar ta ƙara tsawo, masu zuwa aiki kullum suka ji a jikinsu, alhali ba a taɓa ko ƙusa ɗaya a layin ba.

A Afirka akwai irinsa?

Mai matuƙar gudu ɗaya ne ke aiki, Al Boraq na Maroko, wanda aka buɗe a Nuwamban 2018. Yana gudun kilomita 320 tsakanin Tanja da Kenitra, ya rage tafiyar Tanja zuwa Kasablanka daga awa huɗu da minti 45 zuwa awa biyu da minti 10. Bai tsallaka iyaka ba, kuma iyakar ƙasa tsakanin Maroko da Aljeriya a rufe take tun 1994. Masar na gina nata layin tare da kamfanin Siemens. Tarayyar Afirka ta sa haɗa manyan biranen nahiyar da jirgi mai gudu cikin manyan ayyukan Ajandar 2063.

Layukan da suka tsallaka iyaka ko suka nufe ta masu matsakaicin gudu ne. Na Addis Ababa zuwa Jibuti, mai kimanin kilomita 750 kuma mai amfani da lantarki, ya fara jigilar kasuwanci a 2018, kaya ne ƙashin bayansa. Na Kenya an tsara shi ne ya tashi daga Mombasa ya kai Yuganda har ya wuce. Ya isa Nairobi a 2017, ya ƙara gaba zuwa yankin Naivasha a 2019, rancen kashi na gaba bai samu ba, aikin ya tsaya shekaru da ɗaruruwan kilomita tsakaninsa da garin Malaba da ke kan iyakar Kenya da Yuganda, Yuganda kuma ta jinkirta nata tana jiran ta ga inda Kenya za ta kwana.